Yadda Na Ɗauko Bilki daga Kara

Ku 'yan matan da aka ɗauka aikin kotu bana, ina jin hirarku idan na biyo ta nan na zauna hutawa a gindin darbejiya. Kwanaki na ji ɗayarku tana cewa aikin jakadiya ba wani abu ba ne, ki shiga gida ki miƙa takarda ki fito. Ban tanka mata ba, don ni ma haka na ɗauka lokacin da na fara. To yau tunda kun tambaye ni, sai ku gyara zama.

Sunana Asabe. A Unguwar Tudu aka haife ni, a nan Gwarzo na yi aure, a nan kuma maigidana ya rasu ya bar ni da yara ƙanana. Ƙanin mahaifina ne ya kai ni gaban alƙali, ya ce ga wata tana neman abin yi, ta yi karatun allo, kuma ba ta da yawan magana. A lokacin kotu tana da masinjoji maza, amma namiji iyakarsa zaure. Mai kulle ba ta fitowa, mai jego ba ta fitowa, mai takaba ba ta fitowa. Dole a sami macen da za ta shiga ta isar da sammaci, ta ji ta bakin matar gida, ta dawo ta faɗa wa alƙali abin da idonta ya gani. Idan kuma aka yanke hukunci a kan riƙon yaro, ita ce za ta shiga ta fito da shi ta kai shi inda aka ce. Wannan na ƙarshen shi ne aikin. Sauran kuwa duk mai ƙafa zai iya.

A hannun Gwaggo Tabawa na koya. Tsohuwa ce gajera, mai ciwon gwiwa, ta daɗe tana wa alƙalan Gwarzo wannan hidima tun kafin a soma biyan albashi a kanta. Fita ta farko da na bi ta, wani yaro ne ɗan shekara uku za mu ɗauke daga gidan ubansa mu kai wa uwarsa. Muna shiga na hango shi a bakin madafi yana wasa da marfin tukunya, sai na nufe shi kai tsaye na miƙa hannu. Gwaggo ta mintsine ni a cinya, mintsinin da ya bar mini shaida. Ta nemi tabarma ta zauna, ta gaisa da kakar yaron, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutan gida, ta tambayi damina, ta roƙi ruwa ta sha. Sannan ta shiga tambayar tsohuwar me yaron yake ci da safe, me yake tsoro, yana fitsarin kwance ko ya daina, wane gefe yake kwanciya. Tsohuwar ta fara amsawa a fusace, can sai muryarta ta sauko. Daga ƙarshe ita da kanta ta wanke masa fuska ta ɗora shi a bayan Gwaggo.

A hanya Gwaggo ta ce mini, "Ke, ba akuya muka zo kamawa ba. Kada ki sake miƙa wa yaro hannu a gaban wadda ta rene shi. Ki zauna har ita ta miƙo miki."

Kayan aikina ba su da yawa. Zanen goyo da majanyi, nawa na kaina, kullum a wanke, don wani gidan ko tsumma ba za su ba ki ba. Takalmin roba mai jure tafiya. Goro a ƙulle a gefen zane, saboda tsofaffi. Takardar kotu a cikin leda, a soke a lalita, ba a fito da ita sai an gama gaisuwa. Da buhu ɗaya na zuba kayan yaro, kuma ba na fita daga gida sai da kwanon da ya saba ci a ciki da zanen da yake rufa da shi, ko da sun tsufa. Alewa kuwa Gwaggo ta hana ni ɗauka. Ta ce yaron da kika yaudara da alewa zai bi ki lafiya lau, amma ranar da ya gane, ko uwarsa ce ta miƙa masa abu ba zai karɓa ba.

Shekarar da ta fi ba ni wahala a zamanin tsuke bakin aljihu ta zo, ga fari ya haɗu da tsadar kaya. Albashi sai ya yi watanni bai zo ba. Mashin ɗin kotu yana jingine babu mai, sai mu taka da ƙafa, ni da masinja Malam Buba, shi a gaba ni a baya. Ƙarar ciyarwa ta cika kotu. Alƙali ya ɗora wa uba mudun dawa kaza duk wata, uban ya ce ya ji ya yarda, ya koma gida ya tarar rumbu babu komai. Wasu da aka sallama daga masaƙun Kano suka dawo ƙauye hannu rabbana. Ni nake kai hatsin cikin gida idan an kawo, kuma na sha zuba hannu a buhu na ji rabinsa dusa ce.

A shekarar na kai wa wata mata 'ya'yanta biyu da ta yi nasara a kansu. Ta yi ta guɗa, maƙwabta suna taya ta murna. Uban bai iya kawo komai ba, ita kuma surfe take yi a gidajen mutane, surfen ma ya ɗauke. Ban sake jin labarinsu ba sai ranar kasuwa, da wata ta tare ni ta ce ƙaramin ya rasu, ƙyanda ce ta same shi babu ƙarfi a jikinsa. A takardar kotu an rubuta cewa an zartar da hukunci, kuma gaskiya ne an zartar. Na je na faɗa wa alƙalin lokacin, sai ya ce daga yau duk yaron da na ɗauka in riƙa komawa ina duba shi ina kawo masa labari. Haka na ci gaba da yi har na bar aiki, duk alƙalin da aka kawo sai in gaya masa, kuma babu wanda ya ce in daina.

Da aka ƙaddamar da Shari'a sai aikin ya sake salo. Mu a nan abin da muka tashi muka tarar shi ne idan aure ya mutu, da an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauke shi, kuma babu mai cewa don me. Sai mata suka fara ji a wa'azi, a rediyo da makarantun Islamiyya, cewa uwa ita ta fi cancanta da riƙon ɗanta muddin ba ta yi wani auren ba, idan ta yi kuma riƙon ya koma wajen mahaifiyarta, uba shi ne da ciyarwa da tufatarwa. Hukuncin yana nan a littattafai tun da can, sanin ne bai kai cikin gidaje ba. Sai ga mata suna ta zuwa, wasu 'ya'yansu sun yi shekaru da rabuwa da su. A cikinsu ne Hadiza ta zo.

Hadiza 'yar Kabo ce, ta auri wani mai sayar da albasa a Kara, ana ce masa Malam Idi. Suka rabu tana goyon 'yarsu Bilki. Ana yaye yarinyar ya zo da ƙannensa suka ɗauke ta, Hadiza tana kuka tana riƙe da ƙafarsa. Bai ajiye ta a gidansa ba, sai ya kai wa yayarsa Mairo, wadda mijinta ya rasu kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ya ce mata ya ba ta duniya da lahira. Lokacin da Hadiza ta kawo ƙara, Bilki ta kai shekara biyar, kuma ba ta san wata uwa ba sai Mairo.

Shari'ar ta ja. Malam Idi ya ce Hadiza da kanta ta bayar, shaidu suka ce ƙwacewa aka yi. Ya ce Kabo ta yi nisa, ba zai riƙa ganin 'yarsa ba, alƙali ya ce tsakanin Kara da Kabo ba nisan da ke ɗauke wa uwa haƙƙinta ba ne. Ya ce ai ya riga ya ba yayarsa, alƙali ya ce ɗan mutum ba gona ba ne da za a yi kyautarsa, abin da Mairo ta yi riƙo ne, Allah ya saka mata, amma bai kai ya tsallake uwa ba. Aka ba Hadiza. Ya ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta tabbatar da hukuncin. Sai takarda ta sauko hannuna.

Da safe muka tafi, ni da Malam Buba a mashin, da ɗan sanda ɗaya da aka haɗa mu da shi saboda an ji Malam Idi yana cewa sai dai a bi ta kan gawarsa. Tun daga bakin gari na ga samari a tsaitsaye. Na roƙi ɗan sandan ya zauna a ƙofar mai unguwa, kada ya matso. Ina fargaba, don na sha jin inda aka tsallakar da yaro ta katanga aka kai shi ruga wajen dangi, sai a yi wata da watanni ana nema. Na yi sallama a gidan Mairo ban san ko zan tarar da yarinyar ba.

Na same ta. Tana zaune tsakanin ƙafafun Mairo ana yi mata kitso. Gidan ɗaki ɗaya ne da rumfa, a share tas, ga tumaki biyu a ɗaure. Mairo doguwa ce, baƙa, ta girme ni da kaɗan. Ba ta ɗago ba ta ce, "Shigo, na san ke ce."

Na zauna muka gaisa. Na ba ta goro ta ajiye a gefe ba ta ci ba. Na tambaye ta abin da yarinyar take ci, ta ce ba ta son tuwon masara, ba ta shan kunu sai an sa tsamiya, kuma ba ta ci ita kaɗai, sai a kwano ɗaya da ita. Ta ce tana tsoron tsawa. Ta ce idan zazzaɓi zai kama ta, kunnenta ne yake fara zafi. Tana magana hannunta bai bar kitson ba.

Can ta ce, "Jiya Idi ya zo ya ce in ba shi ita ya kai ta wajen kawunmu a daji. Na hana shi."

Na ce, "Kin kyauta, Yaya Mairo."

Ta ce, "Ba don ku na yi ba. Ba a saba mata da kwanan daji ba ne." Sai ta dube ni a karon farko. "Ke da kike wannan aiki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Suna rayuwa?"

Na ce, "Mafi yawansu suna sabawa."

Ta ce, "Mafi yawansu."

Ta ƙarasa kitson, ta shafa mata mai, ta sa mata rigar sallarta. Ta ƙi yarda in goya ta. Ta ce ita za ta kai ta har bakin titi. Muka fito tana goye da yarinyar da ta isa tafiya da ƙafarta, samarin nan suka dare suka ba mu hanya, Malam Idi yana tsaye a ƙofar shagonsa yana kallonmu. A bakin titi ta sauke ta, ta durƙusa ta ce mata, "Za ki je wajen wadda ta haife ki. Wannan innar za ta kai ki." Bilki ta ce, "Ke fa, Inna?" Mairo ta ce, "Ni zan kula da tumaki." Ni da ita muka shiga motar haya. Sai da mota ta tashi yarinyar ta gane. Ta yi ihu tun daga Kara har muka wuce Gwarzo, ta ciji hannuna, fasinjoji suna kallona kamar ɓarauniyar yara. Kafin mu kai Kabo ta yi shiru. Shirun ne ban so ba.

Hadiza tana gidan mahaifiyarta, sun yi shara, sun dafa shinkafa, ta sayi 'yan kunne da takalmi sabo. Ta rungume yarinyar tana kuka, yarinyar ta sandare kamar itace. Na ba su kwanonta da zanen rufarta, na faɗa musu duk abin da Mairo ta faɗa mini, na dawo.

Ban cika mako ba na koma. Na tarar da Bilki a zaure, a zaune a bayan ƙyaure, tana kallon hanya. Kitson nan yana nan, amma wuyanta ya fito, leɓenta ya bushe. Kakar ta ce ruwa kawai take kurɓa, wani lokaci ta ɗan lasi kunu ta tofar. Ba ta kuka, ba ta magana. Sun kai ta wajen malami ya yi mata rubutu, sun kai ta asibiti an ce babu cutar da aka gani, a dai lallashe ta ta ci. Na taɓa kunnenta na ji da zafi.

Hadiza ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ita ma ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce, "Inna Asabe, don girman Allah kada ki faɗa wa alƙali. Ki ce kin same ta lafiya. Za ta saba, kwana nawa ne."

Na ce, "Hadiza, yarinyar nan ba ta ci."

Ta ce, "Idi yana da masu kai masa labari. Na ji yana shirin komawa kotu ya ce na kasa riƙo. Idan ke ma kika faɗa, shi ke nan sun karɓe ta. Shekara nawa ina jiran ranar nan? Ban yi aure ba saboda ita. Masu nema sun zo na kore su."

Na ce, "A kira Mairo mana, ko ta ga fuskarta ta ci."

Ta ce, "In kira ta in nuna wa duniya 'yata ba ta ci a hannuna sai a hannun wata? Ai na yanke wa kaina hukunci ke nan."

Ku da kuke cewa aikin miƙa takarda ne, ku gaya mini wace takarda za ku miƙa a nan. Idan na faɗa, mai yiwuwa uwa ta rasa 'yar da shari'a ta ba ta da gaskiya. Idan na yi shiru, na riga na ga inda irin wannan take ƙarewa. Na ce mata, "Ni ido ce aka aiko. Abin da na gani shi zan faɗa, amma zan faɗa duka, har da asibitin da kuka kai ta, har da yadda kike zaune a kanta." Ta saki hannuna ta juya mini baya. Ko rakiya ba ta yi mini ba.

Ban tsaya gida ba, kotu na wuce. Alƙalin lokacin matashi ne, ba ya son dogon zance. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta malam, yarinyar Kara ba ta cin abinci, kuma jikinta ya fara zafi." Na kwashe komai na faɗa masa. Ya tambaye ni ko na ga alamar duka ko sakaci, na ce ban gani ba. Ya ce a kira Malam Idi da Mairo da Hadiza gobe da safe. Na kwana ina lissafin ko yarinyar za ta kai goben.

Washegari suka zo. Malam Idi ya shigo da ƙarfinsa, ya ce ga abin da yake faɗa tun farko, a mayar masa da 'yarsa kafin a kashe ta. Hadiza tana gefe a cikin hijabi, kanta a ƙasa. Alƙali ya ce hukunci yana nan yadda yake, don ƙin cin abincin yaro saboda kewa ba laifin uwa ba ne, kuma wanda ya raba su tun farko shi ya jawo yarinyar ba ta san uwarta ba. Amma ya ce rai ya fi gaban komai, idan aka ci gaba a haka dole ya sake duba lamarin. Sai ya juya wajen Mairo.

Ya ce, "Baiwar Allah, ba ni da ikon tilasta miki. Roƙo nake yi. Za ki je Kabo ki zauna da su har yarinyar ta saba?"

Malam Idi ya yi wuf ya ce, "Ba za ta je ba. Yaya, idan kika je kin gyara musu. Ki bari kawai, da kansu za su dawo mana da ita."

Mairo ta dube shi ta ce, "Su dawo da ita a wane hali, Idi?"

Ya ce, "Idan kika taka gidan nan, babu ni babu ke."

Ku sani shi yake noma mata 'yar gonarta, shi yake kai mata hatsi. Mairo ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya gafarta malam, a ba ni wanda zai kula mini da tumaki, yau zan tafi." Malam Buba ya ce ƙanwarsa tana aure a Kara, zai aika mata.

Ni na raka su. Mota ɗaya muka shiga, Hadiza a wannan gefe, Mairo a wancan, ni a tsakiya. Da muka isa, Bilki tana kwance a ɗakin kakarta. Tana jin muryar Mairo ta yunƙura za ta tashi ta kasa. Mairo ta ɗauke ta ta rungume, a nan ne yarinyar ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar da na kawo ta. Hadiza tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo, ta juya za ta fita.

Mairo ta ce, "Ina za ki? Je ki dama kunu, ki sa tsamiya. Ke za ki dama, ba ni ba."

Da aka kawo kunun, Bilki ta miƙa hannu wajen Mairo. Mairo ta ƙi karɓar ludayin. Ta zaunar da yarinyar a cinyarta, ta sa Hadiza ta zauna a gabansu, ta ce, "Ni hannuna yana ciwo. Ummanki za ta ba mu, ni da ke." Hadiza ta ɗebo ta ba Mairo a baki, babbar mace da furfura, ta sha. Ta sake ɗebowa ta kai bakin yarinyar. Bilki ta kau da kai. Aka sake ba Mairo. Aka sake kai mata. Ban san sau nawa aka yi haka ba. Can ta buɗe baki ta karɓa. Kakar ta fita tsakar gida ta yi ta hamdala.

Mairo ta zauna a gidan har aka yi girbin gero. Ina zuwa ina duba su ina kai wa alƙali labari. Na ga yadda take janye jikinta a hankali. Da farko su uku suke kwana a gado ɗaya, daga baya ta koma tabarma a ƙasa, daga baya ta koma ɗakin kakar. Wanka ta ce bayanta ba ya sunkuyawa, sai Umma. Kitso ta ce idonta ba ya gani, sai Umma. Ranar da aka yi ruwa da tsawa, Hadiza ta gaya mini yarinyar ta ruga ɗakin kakar ta tarar Mairo ta sa sakata, tana jin ta tana bugawa ba ta buɗe ba, har ta juya ta faɗa jikin uwarta. Da safe Hadiza ta ga idon Mairo a kumbure, ba ta tambaye ta ba. Matan nan biyu ban ce sun zama ƙawaye ba, amma na ji Hadiza ta koma kiran ta Yaya.

Malam Idi bai sake kawo ƙara ba. Hatsin ciyarwa yana zuwa ta hannun kotu, wani watan a kan lokaci, wani watan sai an aika masa. Gonar Mairo kuwa bai taka ta ba a shekarar, ciyawa ta cinye ta.

Ranar da za ta koma Kara ta aiko a kira ni. Kakar ta ba da shawara ta sulale yarinyar tana barci, Mairo ta ce a'a, ba za ta gudu kamar mai laifi ba. Da hantsi, Bilki tana tsakar gida tana wasan 'yar tsana da 'ya'yan maƙwabta, ta yi ƙiba, kumatunta sun dawo. Mairo ta ɗaure ƙullin kayanta ta je ta tsaya a kanta ta ce, "Bilki, zan tafi gida in ga tumaki. Da salla Ummanki za ta kawo ki ki gaishe ni." Yarinyar ta ɗago ta dube ta, ta dubi Hadiza, ta ce, "Inna, ki gaida tumaki." Ta koma kan wasanta.

Na ɗaukar mata ƙullin muka fito. Tana tafiya a hankali, ba irin tafiyarta ba. Da muka kai kwanar da za ta ɓoye mana gidan sai ta tsaya, ta karkata kai tana saurare. Ana jin ƙarar injin niƙa, ana jin masu tallan awara, ana jin dariyar yara daga cikin gidan. Muka daɗe a tsaye.

Ta ce, "Asabe, ba ta yi kuka ba."

Na ce, "Ai abin da kika zo yi ke nan, Yaya Mairo."

Ta ce, "Na sani."

Ta karɓi ƙullinta daga hannuna ta ɗora a ka. Na ce bari in raka ta tasha, ta ce in bar shi, ta san hanya.